Rasuwar Kwamfutar da Ta Koyi Tafiyar Ruwa

Da zuciyar da alhini ya cika, ni Haliru Tambaya na Gusau nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar. Shekararta bakwai a hannuna, ban da waɗanda ta yi wajen mai ita na farko.

Ni da marigayiyar babu wanda ya koya mana aikinmu. Tare muka laluba yadda ake zana ruwa mai motsi, irin na finafinan zane. Nakan zuba mata ɗigo dubu ɗari, in umarci kowane ɗigo ya ture na kusa da shi ya bi gangare, ita kuma ta yini tana lissafi har ruwan ya zubo a fuskarta, yana karo da dutse yana fantsama. Da farko ruwanmu kamar kunu yake tafiya. Sai da muka shekara biyu kafin ya yi kama da ruwa. Ba ta taɓa ƙosawa da kurakuraina ba. In aiki ya yi nauyi, fankarta ta ce fuuu, ta ci gaba.

A bazarar nan ta fara ɗaukar zafi tana suma a tsakiyar aiki. Sai na yi mata abin da muke yi wa randa: na jiƙa buhu na shimfiɗa, na ɗora ta a kai. Kwana huɗu ta ji daɗi. Ran na biyar ta ce ƙit, ƙit, fuskarta ta yi baƙi. Shehu mai gyara ya buɗe cikinta ya ga danshi ya gama da ita, ya mayar ya rufe. Da hannuna na yi, kuma da niyyar taimako.

Ta bar caja ɗaya, da linzamin latsawa mai ciwon ɓangaren hagu, da jakar da zif ɗinta ya riga ta tafiya. Ta kuma bar mini wata magana.

Yayana Labbo yana shirin tayar da ganuwar ƙasa a bakin gonarmu ta gado a Nahuce kafin damina, don ruwan kwari duk shekara yana cinye mana dawa. Ya ce in gwada masa a na'ura. Na auna wurin da igiya, na gina shi a cikinta, na saki ruwa. Gonarmu ta tsira. Ruwan kuwa ya juya ya kwanta a gonar Inna Juwairiyya, tsohuwar da ke ƙasa da mu, wadda ba ta da wata gonar. Na sake, haka ya yi. Ina cikin gwaji na uku, ina fatan ta canza magana, ta cika.

Kwana tara ke nan tun gwajin farko ban gaya wa Labbo ba. Na yi ta ce wa kaina ai ruwan zane ne, awon igiya kuma yakan yi kuskure. Amma da ta nuna ruwan ya wuce salin alin, da a ranar na kira shi. Yanzu shaidar ta mutu, ni kaɗai na gani.

Za a kai gawar shagon Shehu ranar Alhamis, ya cire abin da zai amfani wasu. Ba za a yi wanka ba, ruwan da ta sha ya isa. Zaman makoki a Nahuce ne, bayan sallar Juma'a, a ƙofar gidan Labbo, kuma na aika wa Inna Juwairiyya ta zo. A nan zan faɗi abin da marigayiyar ta nuna mini, ba tare da hoto ko ɗaya a hannuna ba. Mai zuwa ya zo da haƙuri, don yayana ya riga ya ɗauki masu haƙa.