Kafen Kawu Babu Sukari

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikan Kawu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Belbeji ba za su bar ni ba. Har yau idan na sauka daga mota a tasha, sai an sami wanda zai tambaye ni ko na taho da maganin.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne. Ni mutum ne da idan jama'a suka taru, muryata sai ta koma ciki. Abin da Allah ya ba ni shi ne karatu da bin ƙa'ida. Ko maganin sauro na saya, sai na karanta bayan kwalin har ƙarshe kafin in kunna. Lawali, ɗan kawuna kuma taubashina, shi ya laƙaba mini suna Mushe, wato malamin boko, tun muna ƙaramar makaranta, alhali ban taɓa koyar da kowa komai ba.

Kawu Alhaji Mamman shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ɗan kasuwar hatsi ne, yana sayo gero daga ƙauyukan Tarka yana kaiwa Tanut. Ba shi da faɗa, amma idan ya faɗi magana ba ya maimaitawa. A shekarar da nake gama lisans, wato digirin farko, a Damagaram, na sami gurbin ci gaba da karatu a Yamai. Shi kuwa Kawu ya riga ya gaya wa kowa cewa da na gama zan dawo in zauna masa a rumbun hatsi, tunda Lawali ba ya iya zama wuri ɗaya. Idan bai ce je ka ba, babu inda za ni, gurbin kuma ba zai jira ni har bayan hutu ba.

Sau ɗaya na taɓa gwada yi masa maganar. Na ci karo da shi a Damagaram a ƙofar wani farmasi, kantin magani, ban ma san ya shigo gari ba. Na durƙusa na gaishe shi, ina tattaro kalmomin da na haddace, sai ya cusa wata ƴar leda a aljihun babbar rigarsa, ya ce farashin gero ya zo dubawa, in koma makaranta. (Mai hankali zai tambayi kansa tun yaushe aka fara sayar da gero a farmasi. Ni kuwa na tafi ina tunanin fushi yake da ni.)

Da na ga baki ba zai yi mini aiki ba, sai na ce bari hannu ya yi. Kawu yana da labari guda da ba ya gajiya da bayarwa: gahawar da ya sha a Makka shekarar da ya yi aikin hajji. Yakan ce tun daga lokacin bai ƙara shan irinta ba, wannan kafen gwangwani na masu shayi kuwa ruwan toka ne. Na ce to, ga ƙofa. In na kawo masa kafe na ainihi, na haɗa masa da hannuna a gaban manya, aka yaba, zuciyarsa za ta yi laushi. A lokacin ko tari na yi zai gane Yamai nake nufi.

Na yi bincike a waya kamar mai shirin jarrabawa, har na gano wani iri da ake sayarwa a wani babban kanti a Damagaram. Kafe ne da aka soya aka niƙa, aka zuba cikin ƴar jakar takarda mai kunnuwa biyu. Sai a yage bakinta, a buɗe kunnuwan a rataya a bakin kofi, a riƙa zuba ruwan zafi a hankali yana ɗiga ƙasa. Jaka ɗaya, kofi ɗaya, mutum ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya ankarar da ni, don a yankinmu na Damargu ban san abin da ake dafa wa mutum ɗaya ba in ba maras lafiya ba. Amma ban ankara ba.

Zaɓen ma sai da ya zama aiki. Akwai mai sauƙin suya, an ce yana da ɗan tsami kamar na ƴaƴan itace. Akwai mai duhu, an ce ɗaci ne da ƙarfi. Na ɗauki wannan na ajiye, na duba ranar suyar wancan, na sunsuna kwalin da ba ya fitar da ƙamshi. Na daɗe a tsaye har mai gadin kantin ya zo ya tsaya kusa da ni yana duban aljihuna. A ƙarshe na zaɓi mai duhu, don na san Kawu shayin farko yake so, wanda ke tsayawa a maƙogwaro.

Sai gwaji. A ɗakinmu na makaranta na riƙa gwadawa: yau ruwan ya yi zafi da yawa, gobe na zuba da sauri, jibi kunne ɗaya ya zame jakar ta faɗa ciki. Kowanne kuma sai na shanye, don kada a yi asara. Idona ya ƙi rufuwa, abokin zamana ya ce in je a auna ni. Ranar da na ƙware, na leƙa kwalin, sai na ga saura jaka ɗaya tal.

Da ita na isa Belbeji, naɗe cikin hankici, tare da kofina na tangaran.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna an yi fatiha an raba goro, manya suka zauna a rumfar ƙofar gida. Kawu yana kan dardumarsa, Liman Malam Isuhu yana damansa, sauran dattawa sun jeru. Lawali yana gefe da murhun gawayi yana haɗa shayi, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ya cika ƴan kofuna. An riga an sha na farko, Kawu ma ya sha nasa, mai zaƙi kamar zuma.

Na cire takalmi na shiga tsakiyar tabarma na durƙusa a gaban Kawu. Ban taɓa shiga tsakiyar taro da ƙafata ba, don haka hira ta fara raguwa tun kafin in yi komai. Na ajiye kofi. Na warware hankici. Na fito da ƴar jakar takarda mai kusurwa huɗu, na riƙe ta da hannu biyu.

Sai a lokacin na ga abin da kowa ke gani. Laya ce sak.

Na yage bakinta, na rataya kunnuwan. Na karɓi butar ruwan zafi daga wurin Lawali, amma ban zuba ba, don an ce kada a zuba ruwa yana tafasa, a bar shi ya ɗan huce. Na riƙe butar ina jira, ina ƙirga a zuciya, ashe leɓɓana suna motsi.

"Mushe, tofi kake yi wa ruwan?" in ji Lawali.

Na ci gaba da ƙirga, don kada lissafi ya ɓace mini. Na zuba kaɗan don garin ya jiƙa, na sake tsayawa. Sannan na fara zagaya bakin butar a hankali, ina zuba ruwa siriri kamar zare. Ana jin ɗigar abin a cikin kofi, ana jin kukan awaki daga bayan gida. Wani tsoho ya matsa baya da ƙafarsa. Liman ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali wane malami ne ya ba ni, don shi bai san wannan hanyar ba. Na ce kafe ne, amma ni kaina ban ji abin da na faɗa ba.

Da ya gama ɗiga, na cire jakar. Abin ya fito baƙi ƙirin, ƙamshinsa ya cika rumfar, har na ga hancin Kawu ya motsa. Na ce a raina Yamai ta matso.

Lawali, duk da tsokanarsa, yana ƙaunata. Ya ga zan miƙa wa mahaifinsa baƙin ruwa haka gaya, sai ya so ya cece ni. Ya jawo gwangwanin sukari, ya cika cokali, ya nufo kofin. Ni kuwa duk abin da na karanta ya ce sukari yana kashe ɗanɗanon irin wannan kafe, kuma gahawar Makka ma ba a sa mata. Ga shi jakar ƙarshe ce. Na rufe bakin kofin da tafin hannuna, kuma a karo na farko a rayuwata muryata ta fito gaba ɗaya, har ƴan cikin gida suka ji.

"A'a. Kawu ba a sa masa sukari."

Ku da kuka san garinmu kun san abin da na faɗa. A wurinmu ba a hana babban mutum sukari don ɗanɗano. Likita ne kawai ke hanawa. Ga yaro ya zo daga Damagaram, ya durƙusa a gaban kawunsa shi kaɗai, ya jiƙa masa wani baƙin abu na mutum ɗaya, ya kuma hana a sa sukari. Duk idanu suka bar ni suka koma kan Kawu.

Liman ya dube shi da kyau, ya dubi kofin shayin da ya gama sha. Ya ce, "Alhaji, ashe shi ya sa ka rame. Kai da muke sallah sahu ɗaya, sai a bakin yaro za mu ji?"

Na jira Kawu ya yi dariya ya ce ba haka ba ne. Bai yi ba. Ya zuba mini ido, irin kallon da ya yi mini a ƙofar farmasi, sai a lokacin ledar nan ta dawo mini. Na so tabarmar ta naɗe da ni a ciki.

Kawu ba ya ƙarya a gaban Liman. Ya ce eh, likita ya ce yana da ciwon sukari, amma kaɗan ne, bai kai a tayar da hankalin iyali ba. Nan fa rumfa ta kaure. Wannan ya ce ya sha zogale, wancan ya ce ƙanensa da haka ya fara. Wani ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya fi ƴaƴan cikinsa kula da shi, abin da Lawali bai yafe mini ba har yau. Ina ta cewa kafe ne, kafe ne kawai, amma muryar ta riga ta koma inda ta fito.

Kafin kofin ya huce, labari ya tsallaka katanga ya shiga wurin mata. Hajiya, matar Kawu, ta zo bakin zaure ta kira Lawali. Ya tashi ya tafi, ta ce ya koma ya taho da gwangwanin. Haka aka yi shayi na biyu da sukarin maƙwabta, kuma da tiren ya zo gaban Kawu, Liman da kansa ya ɗauke kofin ya miƙa wa na gaba.

Kawu ya ɗauki kafena. Ya shanye shi har ƙasa, bai ɗauke ido daga kaina ba, fuskarsa tana tattarewa da kowace kurɓa. Ya ajiye kofin ya ce na Makka ba haka yake ba.

Na wuni a ɗakin ajiyar buhuna, ko naman suna ban fito na ci ba. Na riga na fara zaɓen kusurwar da zan ajiye littattafaina a rumbun hatsi. Bayan la'asar Lawali ya leƙo ya ce likitan gida ya fito, ana kira.

Na sami Kawu shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na fara rantsuwa cewa ban sani ba. Ya ɗaga hannu. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san mutum ba ya ɗauko kaya tun daga Damagaram sai da abin da yake nema, in faɗi abin da nake so. Tunda babu sauran abin da zan rasa, sai na faɗa: karatu, Yamai, gurbi, duka. Bai fi numfashi biyu ba maganar da na yi wata da watanni ina ɗauke da ita ta ƙare.

Ya juya carbi. Ya tambaye ni, in na zauna a rumbu, a gidan nan zan riƙa kwana, kuma tare za mu riƙa karyawa? Na ce eh, Kawu.

"Je ka Yamai," in ji shi. "Damagaram ma ta yi kusa."

Haka na sami izini. Ba yabo ne ya ba ni ba, kora ce, amma mota ɗaya suke shiga.

Sai dai abin bai tsaya nan ba. Hajiya ta yanke cewa baƙin ruwan nan magani ne. Na yi mata bayani iyakar iyawata cewa ba ya maganin komai, maganin yana cikin ledar likita. Ta ce ta ji, ledar ma tana hannunta yanzu, amma in ci gaba da aiko da jakunkunan. Yanzu ita ke rataya kunnuwan kowace safiya, kuma an ce ta fi ni iya zagaya buta. Kawu ya murmure, ya kuma daina gaishe ni a waya. Ina ɗauka, abin da yake fara cewa shi ne, "Mushe, har yanzu da ɗaci."

Abin da na koya? Na karanta duk abin da aka rubuta a bayan kwalin nan, zafin ruwa, launin suya, yadda ake zubawa, babu inda suka ce a duba waɗanda ke zaune a rumfar. Yanzu idan ina son abu a wurin babba, sai in je in faɗa da bakina, ko da muryar tana rawa. Idan kuma wani ya ɗauko cokalin sukari ya nufi kofin da ba nawa ba, sai in sa hannuna a aljihu.