Ranar da Na Sha Guna a Gaban Jama'a

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a nan garin Lafiya ba, ranar da aka gayyace ni taron marubuta da masu karatu a zauren wata sakandare. Lokacin littafina ɗaya tal a duniya, na binciken kisan kai, mai suna Gawa a Gonar Guna, amma yadda nake tafiya sai ka rantse goma na rubuta.

Labarin ba shi da wuya. Wani manomi, Tanko, ya mutu a gonarsa. Maƙwabcinsa Audu ya ba da shaida cewa da idonsa ya ga ɗan ƙodago Ɗanjuma ya yanka wa marigayin guna ya sha, ashe da guba a ciki. Sufeto ya kama Ɗanjuma, alƙali ya yi masa ɗaurin rai da rai, littafi ya ƙare.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Ni ɗan mai shagon yadi ne, kakana daga Kano ya zo da fatauci, kuma ban taɓa riƙe fartanya ba. Agushi a cikin miya kawai na san shi, a gefen sakwara. Guna kuwa, 'ya'yan nan da ake ciro agushin daga cikinsu, ta tagar mota na hango su a hanyar Agyaragu, kwance a gona kamar ƙananan kankana. Iyakar binciken da na yi ke nan (motar ma ba ta tsaya ba).

Aka zaunar da ni a babban tebur kusa da Malam Sabo, wani dattijon marubuci daga Jos da ya daɗe yana kashe mutane a takarda. Da aka ba ni lasifika sai na miƙe na yi wa matasa nasiha a kan muhimmancin bincike. Na ce marubucin kirki ba ya zama a ɗaki ya yi ƙarya. Na rufe da cewa ni dai ba na rubuta abin da ban ɗanɗana ba. Aka tafa, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Lokacin tambayoyi wata mata ta taso daga baya da jakar leda a hannu. Ta ce sunanta Mama Laraba, tana sayar da agushi a Agyaragu, kuma ita ke karanta wa matan unguwarsu littafina yayin da suke ɓarar agushi. Sun karanta shi sau uku. Ta ce wasu matan sun ce marubucin nan bai san komai ba, ita kuma ta tsaya musu a kan cewa na sani sarai, tarko na ɗana. Shekara biyu suna wannan gardama, yau ta biyo mota ta zo ta ji daga bakina.

“Malam,” in ji ta, “mu mun gane. Audu ya ce ya ga manomi yana shan guna. To ai ƙarya ya yi, shi ne ya kashe. Yaushe za ka fito da na biyu ka saki Ɗanjuma?”

Malam Sabo ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ja takardar jadawali ya rubuta kalma uku ya turo gabana: Ka ce eh. Na karanta, na ɗauka hassada ce irin ta tsofaffin marubuta, na ture takardar.

Na yi wa Mama Laraba murmushin da malami ke yi wa ɗalibi mai ƙoƙari. Na ce mata babu ƙarya a shaidar Audu, Ɗanjuma ne ya yi kisan, yana can kuma inda ya dace da shi. Na ƙara da cewa ai ba abin mamaki ba ne mutum ya sha guna a gona da rana tsaka, ni kaina na sha ba adadi, musamman mai sanyi.

Zauren ya yi tsit. Na zaci hikimata ce ta ratsa su.

Mama Laraba ta matso gaban tebur. Ta buɗe ledar ta fito da guna guda, wadda ta ɗauko don ta nuna wa jama'a hujjarta. Ta ari wuƙar da aka yanka mana lemo da ita, ta tsaga, ta ɗora ɓari ɗaya a kan faranti ta ajiye a gabana da ladabi.

“Bismillah, Malam. Ba mai sanyi ba ne, ka yi haƙuri.”

Cikinta fari ne, ba ja ba. Wannan kaɗai ya isa ya gargaɗi mai hankali. Amma mutum fiye da cikin aji biyu suna kallona, ga wayoyi a sama, ga maganata ta ɗanɗano ba ta ko huce ba. Na gatsa.

Na sha maganin zazzaɓi a rayuwata, na sha ruwan shuwaka, duk wasan yara ne. Ɗacin ya kama harshena ya hau har cikin kunne. Na tauna sau uku don kare mutuncin adabi. A na huɗu idanuna suka kawo ruwa, na juya na tofar a cikin hular Malam Sabo da ya cire ya ajiye saboda zafi (har yau yana cewa ya yafe, amma bai sake zama kusa da ni ba).

Da dariya ta lafa, na karɓi lasifika na ce ban taɓa shan guna ba sai yau, kuma ban san ba a sha ba. Wani malamin makaranta ya yi mini bayani a hankali cewa fasa ta ake yi, a bar ta ta ruɓe, a wanke 'ya'yan a shanya. Kowa a zauren ya san haka, har da mai gadi.

Abin da ya fi ɗacin ci mini rai shi ne fuskar Mama Laraba. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta naɗe ledarta ta ce, “Ashe matan nan su ne da gaskiya. Ɗanjuma kuma yana can a banza.” Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don a kaina ta zubar da girmanta.

Bayan taro Malam Sabo, hula a hannu, ya ce mini shekara talatin yana jiran mai karatu ya gyara masa littafi kyauta bai samu ba, ni an kawo mini har tebur na ƙi karɓa.

Sati biyu bayan nan na hau mota zuwa Agyaragu. Na zauna cikin matan ina ɓarar agushi (sun ce ɓarna nake yi), suka faɗa mini yadda Audu ya shirya kisan da inda ya ɓoye gubar. Na rubuta littafi na biyu, aka saki Ɗanjuma, Mama Laraba ta karanta musu da kanta, ta kuma sanar da su cewa tun farko ita ta ce Audu ne.

Yanzu in mai karatu ya zarge ni da basira, ba na musu. Kuma a littafin na biyu akwai wurin da Sufeto ya sa Audu ya sha guna a gaban alƙali. Kowa yana yaba yadda na kwatanta fuskarsa, ni kuwa na san shafin nan kaɗai na yi wa bincike.