Ranar da Na Jefa Inna Cikin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jefa mahaifiyata cikin teku ba, a tsakiyar ɗakina da ke Gummi, gaban dangi.

Ni mutum ne mai ƙaiƙayin hannu. In abu yana aiki lafiya lau, hankalina ba ya kwanciya sai na taɓa shi. Ina da manhajar koyon tuƙa jirgin sama a kwamfuta, da wata tsohuwar sandar tuƙi da na samo a Sakkwato, shi ya sa abokai ke ce mini Kyaftin. (Tsokana ce, amma ina amsawa, har da gyara wuyan riga.) Jirgi na gaske kuwa ban taɓa shigarsa ba.

Shekarar da Inna ta samu kujerar Makka, sai tsoron jirgi ya kama ta. Abinci ya daina shiga, har ta fara cewa a ba ƙanenta Kawu Sani kujerar. Abin ya dame ni ƙwarai, don tun ina yaro nake jin ta tana roƙon Allah Ya kai ta. Na ce ai maganin yana ɗakina. Zan nuna mata yadda jirgi ke tafiya sumul, ta gani da idonta.

A jikin sandar akwai wani ɗan maɓalli da ake kira tirim. Aikinsa daidaita hancin jirgi, kada ya riƙa ɗagawa ko dungurawa, don matuƙi ya huta da ja. Kaɗan-kaɗan ake latsa shi, a jira jirgi ya zauna. To, jiran ne ba ni da shi. Da safen ranar da zan nuna wa Inna na share ɗaki, na sake sharewa, na goge talabijin ɗin da na jona da kwamfutar, na leƙa waje, na dawo. Da na rasa abin yi, sai na shiga saiti na ƙure saurin amsawar maɓallin har ƙarshe, wai kada jirgi ya yi mini nawa gaban mutane. Ko gwadawa ban yi ba.

Mutane kuwa sun zo. 'Yan uwa daga Bukkuyum da Nasarawa Burkullu sun iso yi wa Inna bankwana da neman yafiya, yadda ake yi wa maniyyaci, kuma duk suka biyo ta ɗakina. Na ajiye mata kujera gaban talabijin.

"Inna, ki ɗauka ga ki nan ciki, bakin taga."

"Kai za ka ja mu?" in ji ta.

"Ni na, Inna. Kwantar da hankalinki."

Na ɗora jirgin a sama, kan teku, dab da Jidda. Yana ta tafiyarsa lafiya, har na ga kafaɗun Inna sun sauka. Kawu Sani ya ce, "Ashe yaron ga ya iya." Nan kaina ya kumbura. Na saki sandar, na ɗaga hannuwa, na ce su duba, ko riƙo ba ya so. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari. Amma sai na ga kamar hancin ya ɗan ɗaga, na kai yatsa na latsa tirim.

Jirgi ya dungura, teku ta cika talabijin. Na latsa baya, ya miƙe sama kamar zai yi tsaye. Na sake latsawa, ya sake dungurawa. Haka muka yi ta sama da ƙasa kamar babur a hanyar Nasarawa Burkullu da damina, ƙararrawa na ta kuka, mata na ta salati, Inna ta ƙanƙame kujera, ni kuma zufa na ɗiga kan sandar. Daga nan talabijin ta yi baƙi.

Inna ta ce, "Mun sabka?"

"E to, kusan haka."

"Cikin ruwa dai munka sabka, Yaya," in ji Kawu. (Har yau ban gama yafe masa ba.)

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta shiga bin mutane ɗaya-ɗaya tana sake neman gafara, har da faɗin wanda zai gaji awakinta. Ina ta bayanin saiti, babu mai saurare na. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya daban, tsoro daban, don na tabbata na raba uwata da Makka da yatsana.

Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo wajen Kawu.

"Sani, wanda za ya ja mu, shi ma cikin ɗaki yak koya awa wanga?"

"A'a, Yaya, makaranta sunka yi."

"Ka tabbata wanga ba shi ciki?"

"Ko kusa da jirgin ba su bari nai."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, za ni."

Ta je ta dawo lafiya, har da haƙorin Makka. Na tambaye ta yaya jirgi, ta ce, "Namu direban natsattse na. Tun Sakkwato har Jidda ban ji ya taɓa komi ba."

Saitin dai na mayar yadda yake. Yanzu in na ga abu ya zauna daidai, sai in danne hannuwana da cinya har ƙaiƙayin ya wuce. Sunan Kyaftin kuma ya nutse tare da jirgin, a dangi Direban Ruwa ake kira na.