Daraktan da ya kori mai tada kwamfuta

Wani darakta ne a wata ma'aikata a Katsina, mutum mai son a ce ya iya. Aka ba shi sabuwar kwamfutar cinya, ya zauna yana leƙe-leƙe a ma'ajiyarta, sai ya ga wani ɗan ƙaramin sashe a gefe da bai san amfaninsa ba. Bai tambayi kowa ba, ya nemo hanya ya share shi. Washegari ya danna maɓalli, allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan layin Turanci a sama. Ga shi rahoton da zai karanta gaban kwamishina ranar Litinin yana ciki, kuma a kan rahoton nan ƙarin girmansa ya rataya. Ya zaga masu gyara biyu suka ce sai an wanke ta gaba ɗaya, rahoto ya tafi. Daga nan aka tura shi shagon Malam Ɗanjummai, wani dattijo da ya fara da gyaran rediyo, ba ya son surutu.

Malam ya sa tabarau, ya soka filashi a gefen kwamfutar, ya shiga duba allo. Can ya ɗago.

"Wa ya taɓa ta?"

Darakta ya gyara babbar riga ya ce, "Ni na yi mata shara. Tarkace na cire."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. A ransa ya ce, ga digiri har biyu, ga hannu mai ƙaiƙayi. A fili kuwa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, rahotonka na nan, babbar manhajar ma na nan, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sai dai ba ta iya tashi da kanta. In ka kunna, akwai ɗan ƙaramin da ake fara kira, mu butloda muke ce masa. Shi ya san inda zuciyar babbar take kwance. Ya ɗauko ta, ya ɗora ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya miƙa mata ragama, ya koma gefe. Shi ka share."

"To bayan ya miƙa ɗin, me yake yi?"

"Ba komai."

"Duk yini?"

"Duk yini. Aikinsa bai fi daƙiƙa uku ba."

Darakta ya yi tsaki, ya juya yana kallon masu jiran gyara a kan benci, don su shaida. "Kun ji fa! Ashe ban yi kuskure ba. Ni a ofishina ba na ajiye ɗan zaman banza. Mutum ya yi aikin daƙiƙa uku ya tare wuri? Kuma a ce saboda wannan ɗan mitsitsin abu yau kwanana huɗu ban leƙa ofis ba!"

Malam ya gama mayar da butlodan, ya zare filashi, ya danna maɓalli. Kwamfuta ta yi ɗan ƙara, allo ya kawo haske. Ya tura ta gaban darakta ya ce:

"Shi dai da ya bar aiki, a take komai ya tsaya. Kai a kwana huɗun nan, ranka ya daɗe, an ko bugo waya ana nemanka?"