Yaƙin Barau Tela da Jemar Kwana

Wannan shi ne labarin Barau ɗan Jatau, jikan Cindo mai allura, tattaɓa-kunnen Mati wanda ya ɗinke rumfar kasuwa da hannu ɗaya yana korar ƙuda da ɗayan. Barau Sarkin Almakashi, Garkuwar Wuyan Riga, dodon shadda, angon Tabawa, gwarzon da bai taɓa auna ƙugun mutum sau biyu ba!

A shekarar da ruwa ya ci kasuwa, hukuma ta haƙa dogayen kwaruruka a gefen titi, ta zuba yashi da taki, ta dasa ciyawar jema, domin ruwan sama ya riƙa nitsewa a nan maimakon ya afka wa shaguna. Ambaliya ta ja da baya, jama'a suka yi hamdala. Sai dai jemar da ke kwanar shagon Barau ta sha ruwa ta ƙoshi, girman kai ya shige ta, ta miƙe har ta haura kan mahayin babur, ta yadda mai tsallaka titi ba ya ganin abin da ke tafe sai ya ji numfashinsa a wuya.

Ranar wata Talata da hantsi, Tabawa na tsallakowa da kwanon ɗanwaken maigida, sai ga a-daidaita-sahu ya ɓullo daga bayan ciyawar. Direba ya taka birki, taya ta yi kururuwa, madubi ya fizge gefen mayafinta. Tabawa ta tsira, amma ɗanwake ya yi shahada a kan kwalta, da mansa da yajinsa.

Nan fa jinin Cindo ya motsa. Sadauki ya ture keken ɗinki, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura tef ɗin awo a ƙugu, ya zaro almakashinsa na Sallah, wanda ko Tabawa ba ta da izinin taɓawa, ya keta rundunar babura yana ɗaga hannu.

"Yau ko ni ko ke!" in ji shi, ya daka tsalle cikin kwari.

Laka ta karɓe shi har ƙwauri, ta ƙwace takalminsa na hagu a matsayin ganima. Bai waiwaya ba. Ya kai farmaki ta gabas, jema ta tsaga masa yatsa. Ya zagayo ta yamma, tururuwa suka kawo mata ɗauki ta cikin wando. Masu shayi da masu faci suka yi sahu suna kabbara. Tun hantsi ake gwabzawa har ladan ya kira azahar, sannan ganye na ƙarshe ya faɗi, almakashi kuwa ya dakushe har ba ya iya yanka zare.

Barau ya fito da takalmi ɗaya, ya tsaya daidai inda Tabawa ta tsaya ɗazu, ya ɗaga kai domin ya more nasararsa, yana sa ran hango titi har ƙarshensa.

Abin da ya hango shi ne gindin wata tsohuwar tifa, babu taya, an ɗora ta a kan duwatsu tun bara, ta tare kwanar ɗungurungum.

Tabawa ta matso, ta dubi tifa, ta dubi mijinta.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta. "Ita kuma wannan, da wane almakashin?"