Babbakar Bakin Kwanon Alhaji Haladu

Maƙwabcina Alhaji Haladu mutum ne mai son a ga gidansa fes. Da ya gyara rufi bara, sai ya sa aka kewaye bakin kwanon da farar robar nan ta zamani, ya yi wata guda yana tsayar da masu wucewa su kalla. Damina ɗaya ta gama da ita. Ruwan tsatsa ya zubo, hayaƙin janareta ya bi, tattabarun unguwa kuma suka mayar da wurin banɗakinsu. An sa omo, an sa toka da lemon tsami, an sa kanwa, tabo ya ce yana nan daram.

Abin da ya tayar wa Alhaji hankali shi ne, ranar Asabar saurayin 'yarsa zai zo gaisuwar surukai. Yaron kuwa injiniyan gine-gine ne, a Abuja yake aiki. Alhaji ya rantse ba za a zo a raina masa gida ba.

Nan ne dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ya shawara da kowa a kanta. Ya tuna da Cindo, mai babbakar kai da ƙafa a bayan mayanka. Ya ce mini duk mutumin da zai karɓi ƙafar sa baƙa ƙirin ya miƙo ta fara tas, roba ba za ta gagare shi ba. Na so in yi magana, na ga ya riga ya aika.

Cindo ya iso ranar Juma'a da safe, ya jingina tsani, ya hau ya shafa robar, ya shinshina yatsansa.

Ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne. Je ka harkarka."

Alhaji ya tafi wurin tela. Shi kuwa Cindo bai san wani aiki ba sai nasa: a babbake, a kankare, a wanke. Ya naɗa tsumma a sanda, ya tsoma a kalanzir, ya ƙyasta ashana. Ina shago na ji wari, na ɗauka taya ake ƙonawa. Kafin in leƙo, robar ta nannaɗe kamar ganda, wani wurin ta yi tumbi, wani wurin tana ɗiga. Cindo na bin ta da wuƙa yana kankara, har da 'yar waƙarsa.

Alhaji ya dawo da sabuwar riga a leda, ya ɗaga kai, ledar ta faɗi. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Ya ce, "Cindo, tabo na ce ka cire mini ko gida?"

Cindo ya leƙo daga kan tsani ya ce, "To Alhaji, duba da kyau. Ka ga tsatsa? Ka ga kashin tattabara?"

"Ina robar da zan gan su a kai?"

"Ita ce ba ta da ƙwari. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin fata mai raki irin wannan ba."

Alhaji ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. Ya ce, "Gobe yaron nan zai zo. Injiniya ne fa. Yana ɗaga ido ya ga wannan ɓarna, da wane bakin zan yi masa magana?"

Cindo ya sauko a hankali, ya goge wuƙarsa a gefen wando, ya ce, "Alhaji, yaron da zai zo gaishe da surukinsa har ya iya ɗaga kai ya kalli rufi, kada ka ba shi 'yar."