Sifaniyancin Alhaji Sallau Mai Tayil

Wani mutum ne muke da shi a Ƙofar Ruwa, Alhaji Sallau Mai Tayil. Idan ka zauna a bakin shagonsa minti biyar, to ka je Sifen ka dawo ko ba ka da fasfo. Ka ce rana ta yi zafi, ya ce ai ba ka ga ranar Balansiya ba. Ka miƙa masa tsire, ya taɓe baki ya ce a can ko kyanwa ba a ba wa nama mai tauri haka. Ko atishawa ya yi, sai ya ce sanyin can ne bai gama sakinsa ba.

"Ni fa a can ba Sallau ake kirana ba," in ji shi. "Don Sallau. In na sauka, masu jita ne ke tarbata. Harshensu kuwa, ni nake gyara wa 'ya'yansu."

Alhali iyakar tafiyarsa Legas. Wani dillali ne yake yi masa odar kaya. Duk shekara sai ya ɓace sati biyu a wani masauki a Agege, ya dawo da sabon turare da sabon labari. Sifaniyancin kuwa a jikin kwalin tayil ya haddace shi. Guda huɗu ne kacal. Akwai "firajil", wato abu mai fashewa, a bi shi a hankali. Akwai "firimera kalida", wato kaya mai lamba ɗaya. Akwai "eco an Esfanya", wato ƙirar Sifen. Sai babbar, wadda yake ajiyewa sai taro ya cika: "este lado ariba", wato nan ne sama, kada a kifa. Shi kansa bai san ma'anar ko ɗaya ba. Daɗin faɗa kawai suke masa.

Rannan sai ga yayan matarsa, Alhaji Barau, wani dattijo mai sayar da fatu wanda ba ya jera magana biyu. Yana gina rukunin gidaje a hanyar Zariya. Ya zauna, aka gaisa, ya ce, "Tayil ɗin gidajen nan duka kai za ka kawo. Amma sai na ga kamfanin da idona. Tunda can gida ne a wurinka, tare za mu. Ka kawo fasfonka a nema mana biza."

Sallau ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya ce, "Yaya, yanzu ai lokacin sanyi ne."

"Na sayi rigar sanyi."

"Abincinsu ba zai karɓe ka ba."

"Kai ya karɓe ka."

Shi ke nan. Ga kwangilar da bai taɓa samun irinta ba, ga 'yan majalisar bakin shagonsa sun zuba masa ido. Bayan wata guda sai ga su a Balansiya.

Sun sauka da rana, suka ajiye kaya a otal, suka fito wajen ƙarfe uku. Gari tsit. Shaguna a rufe, titi kamar an share. Ashe mutanen garin haka suke, da rana kowa ya rufe ya je ya ci abinci ya ɗan miƙe. Barau ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Ina masu jitar?"

Sallau ya cire hula, ya sunkuyar da kai. "Yaya, rasuwa aka yi. Mai unguwa. Abokina ne ƙwarai."

"Allah ya sa ya huta. Mu je gaisuwa?"

"A'a, su ba a yi musu gaisuwa. Haushi suke ji."

Ƙarfe shida yunwa ta fara murɗa su. Suka je gidan abinci, kujeru a kife a kan tebura. Na biyu haka. Na uku wani mutum yana goge ƙasa, ya ɗaga musu yatsu tara, wato sai ƙarfe tara. Sallau ya gyaɗa kai cikin jimami, ya ce masa, "Eco an Esfanya." Ya juyo ya ce wa Barau, "'Ya'ya tara ya bari, Allah sarki."

Tara na yi kuwa, gari ya fashe. Kamar an buɗe dam. Mutane suka ɓarko daga kowane lungu, tsofaffi riƙe da hannun juna, 'yan mata da samari, masu tura jarirai a keke, har da karnuka sanye da riga. Kafin ka ce me, an baje tebura a tsakiyar titi. Ƙamshin tafarnuwa da man zaitun ya cika ko'ina. Ga kiɗa ta nan, ga dariya ta can, kowa yana magana lokaci ɗaya ba mai sauraron wani.

Barau ya ce, "Makokin ya ƙare ke nan?"

"Sun ji labarin na iso ne, Yaya."

Suka bi ayari. Sallau ya baza babbar riga, yana ɗaga wa kowa hannu. Wata tsohuwa ta yi masa murmushi, ya ce mata, "Firimera kalida." Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ƙyalƙyale da dariya, mijinta kuma ya bi shi da harara.

"Me ka ce mata?"

"Na tambaye ta ya jikin."

Can suka tarar da wata rumfa ana layi, ana sayar da wani farin abin sha mai sanyi. Sallau ya nuna da yatsa, aka miƙo kofi biyu. Ya ce, "Yaya, riƙe da hannu biyu. Wannan a duk duniya nan kaɗai ake yinsa. Sirrin sarakunansu ne."

Barau ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa.

"Sallau, wannan ai kunun aya ne."

Sallau ya kurɓa shi ma. Kunun aya ne tsaf, irin na Hajiya Ladidi ta bakin kasuwa, sai dai babu dabino. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ni na koya musu. Zuwana na biyu." Don ya tabbatar da haka, ya shanye kofi biyar a tsaye, wai yana duba ko sun riƙe ƙa'ida.

Daga nan suka samu tebur a wani fili mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Mai kawo abinci ya zo, wani dogo mai gashin baki kamar ƙahon bijimi. Ya zuba magana, tatatata, kamar keken ɗinki. Barau ya ce, "Gaya masa ban da alade, ban da giya."

Sallau ya gyara murya. Ya ce, "Firajil. Eco an Esfanya." Sannan ya toshe hanci ya yi gurnani, ya kaɗa yatsa. Dogon ya dubi hulunansu, ya dubi carbin Barau, ya gane da kansa irin baƙin da ya samu. Ya yi alamar kifi yana iyo da tafin hannu. Sallau ya gyaɗa kai. Dogon ya ƙara wata magana, Sallau ya gyaɗa. Ya ƙara wata, ya gyaɗa. Sai da ya gyaɗa kai sau goma sha ɗaya.

"Hirar me kuke yi haka?"

"Yana tambayar iyali."

Sai faranti suka fara sauka. Ƙanana ƙanana, amma ba su da iyaka. Jatan lande da idanunsu a buɗe. Dodon koɗi a cikin miya. Ƙaguwa. Wata halittar ruwa mai hannaye takwas an yayyanka ta an barbaɗa jan barkono. Miyar tumatir mai sanyi ƙalau kamar daga firji aka ɗebo, don daga firjin aka ɗebo. Daga ƙarshe aka dire wata faffaɗar tasa ta shinkafa baƙa wuluk, kamar da tawadar allo aka dafa ta.

Barau ya ja burodi da zaitun gabansa, ya ce shi nan ya tsaya. "Kai da ka saba, bismilla."

Ina Sallau zai ce bai saba ba? Ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki dodon koɗi ya jefa a baki har da ƙoƙon, ƙurus ƙurus. Ya taune jatan lande da kai da ƙafa. Mai hannaye takwas ɗin nan ta manne masa a dasashi, ya tura ta da miyar sanyi. Da ya kai kan baƙar shinkafa kuwa sai ya ji ashe da daɗi, nan kuma kwaɗayi ya karɓi aiki daga hannun ƙarya. Ya share tasar tas, har yana kankare ƙanzo. Leɓensa da haƙoransa suka koma baƙi ƙirin. Wani mai tuya a gefe yana soya wani dogon abu kamar ƙosan fulawa ana tsoma shi a cakulan mai zafi, ya sa aka kawo masa shi ma.

"Haka nake yi duk dare in na zo," in ji shi, yana sakace.

Bai rufe baki ba cikinsa ya ce ƙululululu.

Kunun aya ya gamu da miyar sanyi. Dodon koɗi ya gamu da cakulan. Aka fara shari'a a ciki. Gumi ya karyo masa. Ya gyara zama, ya sake gyarawa. Ya duba ko'ina, rubutu ne birjik a bango, bai san ko alif ba.

Barau ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Zan ɗan zaga ne."

"To tambaye su mana."

Sallau ya miƙe a hankali, gwiwoyi a haɗe. Ya nufi dogon nan. Ya dafe ciki da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗaya sama, ya ɗan durƙusa, ya miƙe, yana buga ƙafa a ƙasa don azaba, taf taf taf. To dama akwai wasu masu jita biyu da wata mata mai jan siket suna wasa a gefen maɓuɓɓuga. Mai jita ya hango baƙo cikin babbar riga, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a sama, ƙafa tana duka. Irin tsayuwar rawarsu ce sak. Sai ya juyo da kiɗan wajensa.

Nan take aka yi masa da'ira. Tafi ya kaure. Matar nan ta shigo fili tana kaɗa siket, tana zagaya shi. Ya yi dama, ta tare. Ya yi hagu, ta tare. Ya murtuke fuska yana cije leɓe, jama'a suka ɗauka shauƙin kiɗa ne ya kama shi, don su ma masu rawarsu haka suke ɓata rai.

Ya nuna cikinsa ya ce, "Firajil. Firajil."

Fili gaba ɗaya ya amsa, "Firajil!" Aka mai da ita amshi. Mai jita ya ƙara wuta.

Ya ce, "Jama'a, don girman Allah ku ba ni hanya." Aka tafa masa, an ɗauka baiti ne.

Hawaye suka zubo masa. Kalma ɗaya ta rage masa a duniya, babbar nan ta ranar taro. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya kwarara ta: "Este lado ariba!"

Su kuwa "ariba" a wurinsu sama ke nan. Wasu ƙarti huɗu suka dubi juna, suka ce baƙo ya nemi a ɗaga shi. Suka sure shi caɗak, suka ɗora a kafaɗa, suka shiga zagaya maɓuɓɓuga da shi suna cilla shi sama suna cafewa. Hula ta yi nata wuri. Takalmi ɗaya ya faɗa ruwa.

Daga can sama ya hango Barau zaune yana tauna zaitun. Ya ce, "Yaya, ka cece ni. Wallahi ban taɓa zuwa ƙasar nan ba. Agege nake zuwa. Ko kalma ɗaya ba na ji."

Barau ya tofar da ƙwallon zaitun a faranti. Ya goge hannu. Ya yafito dogon mai gashin baki, ya nuna Sallau, ya yi masa Hausa tsantsa: "Kai ɗan nan, bayi yake nema. Bayi."

Dogon ya buɗe ido. Ya ce, "Banyo?" Ashe haka suke kiransa. Ya nuna wata koriyar ƙofa. Tana nan bayan kujerar da Sallau ya tashi a kai, taku uku, har da hoton ɗan mutum a jiki.

Sai dai an makara. Daidai lokacin wasu suka kunna wasan wuta a bayan fili, irin wanda garin ba ya rabo da shi. Tas tas tas tas, sannan wata babba ta ce dummm, har tebura suka girgiza. Sallau ya zabura. Abin da ya yi rabin awa yana riƙo ya ce shi ya gaji.

Ƙartin nan huɗu suka tsaya cak. Na gaba ya dubi na baya. Jita ta yi shiru. Suka sauke shi a hankali, a hankali, kowa ya kau da kai yana duba kafaɗar rigarsa. Jama'a suka dare masa hanya, irin hanyar da ya yi ta roƙo ba a ba shi ba.

Sallau ya shige koriyar ƙofar nan, ya daɗe a ciki. Barau har ya sa aka kawo masa shayi. Can sai ƙofa ta buɗe, ga Don Sallau ya fito ɗaure da mayafin tebur mai jan zane dara-dara, dogon ne ya taimaka masa da shi, ya yi ɗaurin ƙirji kamar mai jego. Babbar riga da wando a ƙunshe cikin leda, takalmi ƙafa ɗaya, haƙora baƙi wuluk. Wasu daga nesa da ba su san abin da ya faru ba suka sake tafa masa.

Barau ya kurɓe sauran shayinsa, ya miƙe, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Gobe in mun je kamfanin, ka ja bakinka ka yi shiru, ni zan yi magana," in ji shi. "Na lura mutanen nan suna ɗan jin Hausa. Sifaniyancinka ne ba sa ji."